Mil 300 a Rana da Tirelar Tafi-da-gidanka: Ƙa'ida Ce ko Tsoro?

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Hutun yara ya zo, mun ɗauki hayar tirelar tafi-da-gidanka, wato irin wadda ake kwana a cikinta kamar gida, mai tsawon ƙafa 26, zan ja ta da akori-kurata daga Houston ta jihar Teksas zuwa Grand Canyon, shahararren kwazazzabon nan na jihar Arizona, ta Amarillo da Albuquerque da Flagstaff. Kusan mil 1,300 ne. Mai ba da hayar ya ja mini kunne, wai kada in wuce mil 300 a rana, in sauka kafin ƙarfe 3 na yamma, in kwana 3 a kowane zango. Haka masu yawo da tirela suke yi a Amurka, in ji shi, 3-3-3 suke ce mata. Ni kuwa hutuna mako biyu ne kacal. Ko an cire kwana ukun nan, zuwa kwana biyar ne, dawowa biyar. Me ya rage? A ganina tsoro ne kawai aka yi wa ado da lissafi.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi gaskiya. Tsofaffin da suka yi ritaya ne suke bin wannan tsari, mutanen da babu mai jiransu ranar Litinin. Babu dokar da ta ce 300. Mu masu manyan motocin dakon kaya, dokar tarayya ta ba mu awa 11 a kan sitiyari cikin awa 14 na aiki, bayan hutun awa 10 a jere, da tsayawar minti 30 in an yi awa 8 ana tuƙi. Da tirela mai ƙafa 53 a bayana nake cinye mil 600 in kwanta lafiya. Kai da ɗan akwatinka za a ce 300?

Injiniya: Kawu, a gafarce ni, ba zan bar wannan ta wuce ba. Awa 11 da kuka ambata iyaka ce ta ƙarshe da aka gindaya wa ƙwararru don kada kamfani ya matsa musu, ba ma'aunin da ake ba baƙon tuƙi ba. Kuma motarku da tasa ba tafiyarsu ɗaya ba. Taku, nauyin tirela a kan tayoyin bayan kan motar yake zaune daram. Tasa, a ƙugiya ɗaya aka rataya ta, can bayan tayoyin baya. Duk iskar da ta bugi gefen tirelar sai ta murɗa bayan motar, gaba ya karkace. Duk lokacin da irinku suka wuce shi da gudu, zai ji an ture shi sannan an zuƙo shi. Hannunsa ba ya hutawa, idonsa na madubi. Awa shida a haka ta fi awa tara a ƙaramar mota cin jiki.

Kawu Direba: Ban ce ya yi 600 ba. Na ce 300 ba aya ba ce.

Injiniya: To mu yi lissafi. Google Maps yana auna ka ne a matsayin ƙaramar mota mai bin iyakar gudun hanya, 75 a wurare da yawa a Teksas. Mai jan tirela kuwa tsakanin 60 da 65 ya kamata ya tsaya. Tayoyin tirela da yawa, waɗanda aka rubuta ST a jikinsu, an yi su ne don gudun da bai wuce 65 ba, sai dai in an buga wani harafi da ke nuna fiye da haka, kamar L mai nufin 75 ko M mai nufin 81. Zafin kwalta a watan Yuli ya haɗu da gudu ya haɗu da ƙarancin iska, taya ta tarwatse. Sannan mai: motar da ke jan irin wannan kaya takan sha kusan ninki biyu, wajen mil 10 a galan, ka ga za a riƙa shiga gidan mai a kai a kai, kuma ba kowane gidan mai ne ake iya juyawa da tirela a cikinsa ba. In ka haɗa duka, mil 50 a awa shi ne abin da masu yi suke lissafawa. Mil 300 awa shida ke nan. Mil 450 awa tara. Ga wanda bai saba da mil ba, 300 ɗin nan kilomita 480 ne, ya ɗara Kano zuwa Abuja. Wa zai ce wannan ba tafiya ba ce?

Hajiya: Ku maza duk kan kwalta hankalinku yake. Ni abin da na sani shi ne in an isa ne aikin yake farawa. Sai an shigar da ita wurinta da baya, wani na tsaye yana ta ɗaga hannu yana "dama, dama, a'a hagu", rassan itace a sama, famfon ruwa a ƙasa. Sai an sa katako a ƙarƙashin taya ta daidaita, in ba haka ba firij ɗin gas ba ya aiki yadda ya kamata, kai ma ka kwana kana gangarawa. Sai an cire ƙugiya, a haɗa wuta, a haɗa ruwa, a haɗa bututun bayan gida. Da rana awa guda ce. Da dare kuwa, da fitilar waya a baki, yara na kukan yunwa, maƙwabta sun kashe fitilunsu suna leƙe ta labule, wallahi a nan ake samun saɓani tsakanin miji da mata. Baban Yara, ka tambayi uwargida kafin ka tambayi Kawu. Shi Kawu in ya tsaya, birki yake ja ya koma gadon bayansa, ba shi da ɗan shekara huɗu mai neman fitsari minti goma bayan an bar gidan mai.

Baban Yara: Hajiya kamar kin san gidana. Amma ai yaran za su iya kwanciya a cikin tirelar muna tafiya.

Hajiya: Kul! Ko da wasa. Babu bel a ciki, bangonta kuma ba na ɗaukar karo ba ne. Kowa cikin mota.

Ɗan Ingila: Mu a nan doka ta rage mana gardama. Mai jan tirela 60 ne iyakarsa a babbar hanya, 50 a hanya mai falle ɗaya, kuma an hana shi layin ƙarshe na masu gudu in layukan sun kai uku. Littafin dokokin hanya ya ba da shawarar hutun minti 15 duk bayan awa biyu. Direbobin manyan motoci ma awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi.

Kawu Direba: Kai Ɗan Ingila, ƙasar taku daga Land's End zuwa John o' Groats mil 874 ce gaba ɗaya. Hanyar I-10 a cikin Teksas kaɗai ta kai wajen 880. In mun bi naku sai hutun ya ƙare ba mu fita daga jiha ba.

Ɗan Ingila: Kawu, ai Kalifoniya a Amurka take, kuma can 55 aka yanka wa duk mai jan tirela. Ta fi mu tsanani.

Malam: Ni ba direba ba ne, amma ga nawa. Addini ya riga ya sauƙaƙa wa matafiyi, ga ƙasaru ga haɗa salloli, saboda haka salla ba za ta zama dalilin jinkiri ba. Sai dai tsayawar azahar ta zo daidai lokacin da gyangyaɗi ke sallama, bayan cin abinci. A sauka, a yi alwala, a miƙe ƙafa. Iyali amana ne a hannunka.

Injiniya: Na ƙara abu ɗaya da ya shafi hanyar nan musamman. Mil ba iri ɗaya ba ne. Daga Wichita Falls zuwa Amarillo fili ne, amma yankin Amarillo ya yi suna da iska, kuma takan tsananta da rana ta yi sama. Kafin Albuquerque akwai doguwar gangara ta kwazazzabon Tijeras, sai ka sauke giya, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi. Flagstaff kuma tana wajen ƙafa 7,000 sama da teku, injin zai yi ta nishi a hawa. A Yuli da Agusta hadari kan taso da yamma a New Mexico da Arizona, ga rana a ido tunda yamma ka nufa. Duk waɗannan suna goyon bayan sammako da saurin sauka. Shi ya sa a cikin 3-3-3 ɗin nan, na tsakiya, wato sauka kafin ƙarfe 3, shi ne ba na wasa da shi. Adadin mil ana iya ja, kwana uku a zango kuwa na masu lokaci ne.

Kawu Direba: To ai ka zo inda nake. Agogo ake dubawa, ba mil ba. Kuma agogon ma zai taimake shi: yana shiga New Mexico ya ci ribar awa ɗaya, Arizona ta ƙara masa wata tunda ba sa canja lokaci da bazara.

Injiniya: Bashi ne Kawu, a dawowa zai biya. Kuma jiki bai san an canja agogo ba.

Baban Yara: Ga abin da na tsara, ku duba mini. Kwana huɗu. Houston zuwa Wichita Falls, wajen 380. Zuwa Tucumcari, wajen 340. Zuwa Gallup, 315. Ranar ƙarshe wajen 265. Tashi bayan asuba kullum.

Hajiya: Ka juya shi. Ranar farko ce ka ba mafi tsawo, alhali ranar ce hannunka bai san tirelar ba, ga cunkoson Dallas da Fort Worth a tsakiya. Sauri ya haifi nawa.

Kawu Direba: A'a Hajiya, ranar farko ce yake da ƙarfi. Ya tashi ranar Lahadi, hanya ba kowa. Gajiya a rana ta uku take kama mutum, can ne ya kamata ya rage.

Hajiya: To ya karɓo ta tun jajibiri, ya je filin ajiye motoci na wani babban kanti ya koyi baya-baya har ya gaji. In bai yi haka ba ni ban yarda da 380 ba.

Injiniya: Kafin a ci gaba da jayayya, Baban Yara, turo mana hoto biyu: rubutun da ke gefen tayar tirelar, da takardar da ke manne a bakin ƙofar direba mai nuna nauyin da motarka ke iya ɗauka. Nauyin da ke sauka kan ƙugiya ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, kuma yana cikin abin da ake cirewa daga wancan adadi, tare da ku da yara da kulolin abinci. In lissafin bai fita ba, ko mil 100 ma ya yi yawa.

Baban Yara: Motar tana wajen aiki da uwargida. In ta dawo bayan la'asar zan ɗauka in turo.