Wai da gaske 'yan Chana ne suka kashe mana masaƙun Kakuri?

Ɗan Kakuri: Salam jama'a. Jiya a majalisa muka yi musu da wani abokina har muka kusa ɓatawa, shi cewa yake 'yan Chana ne suka kashe masaƙun Kakuri a nan Kaduna da atamfarsu mai araha, wai mu ma mu fito zanga-zanga kamar yadda marina suka taɓa yi a Kano. Babana ma'aikacin masaƙa ne, har Allah ya yi masa rasuwa bai ga haƙƙinsa ba, shi ya sa abin ke sosa min rai. Don Allah su ne?

Baba Tsohon Leba: Allah ya jiƙan mahaifinka, yaro. Amma abokin naka ya san masaƙar UNTL ta waye kuwa? Cha Chi Ming ne ya kafa ta a 1964, mutumin Chana ne da ya zo daga Hong Kong, kuma ita ta fi kowace masaƙa ɗaukar ma'aikata a garin nan, sai 2007 ta rufe. Masaƙar KTL ta Sardauna da aka buɗe a 1957 tun 2002 ta tsaya. Mu da muke ciki mun ga abin, ba wuta, baƙin mai ya yi tsada, injuna sun tsufa ba a canza ba, ga kaya na kwararowa ta Maraɗi da Kwatano cikin dare, to wa ke buɗe musu boda? Ba dai ɗan Chana ba.

Maman Ilham: Baba ka yi haƙuri amma kar a wanke su tas. Ni atamfa nake sarowa a kasuwar Kwari ta Kano, a da namu ne ke zuwa Guangzhou a Chana su yi oda, yanzu su da kansu sun zo sun kama sito suna sayarwa da farashin da kai da ka biya jirgi ba za ka iya ba, ga kwafar zanenmu. Ai a 2012 sai da imigireshan suka kwashe wasu a kasuwar. Ni ba na son a taɓa kowa, doka kawai a bi, baƙo ya kafa masana'anta ya bar mana kiri.

Sani Rigasa: Hhh ku fito zanga-zanga sannan da safe ku hau jirgin ƙasan Abuja da suka gina mana da bashinsu tun 2016. Kuma kun san garin nan, a fara da kwali a ƙare da dokar hana fita.

Ɗan Kakuri: Baba wallahi ban taɓa sanin maganar UNTL ɗin nan ba. Bari in tura masa, yau akwai shayi.