Neman shawara: ɗana na son barin jami'a saura shekara 1 don ya shiga NFL

Wata uwa daga Ohayo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ɓoye sunana don Allah. Shekararmu 19 a Amurka. Babban ɗana yana buga ƙwallon zari-ruga irin ta nan, da ita ya samu tallafin karatu, ko sisi ba mu biya a jami'a. Yana cikin ƙattin nan 5 da ke jeruwa a gaba suna tare wa mai jifan ƙwallo, gurbinsa shi ake kira gadi. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 4, nauyinsa ya kusa kilo 140, kuma wai kocinsa yana so ya ƙara.

Yanzu ya cika shekara 3 da gama sakandare, ka'ida ta ba shi damar shiga zaɓen 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallo, a watan Afrilu. Wani dillalin 'yan wasa ya matsa masa da waya, har ni ya kira yana Mama kaza Mama kaza, ya ce zai biya masa kuɗin wurin horo. Kwamitin NFL da ke duba yara kuwa ya aiko masa cewa ya koma makaranta. Babansa ya ce a bar shi ya tafi, da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Ni hankalina bai kwanta ba, shekara 1 ta rage masa ya karɓi digiri. Zuwa tsakiyar Janairu dole ya yanke. Waɗanda suka san harkar, me kuka gani?

Kawu daga Hustan:

Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar ai tana hannunku. Kwamitin nan abu 3 kawai yake faɗa: za a ɗauke ka a zagaye na 1, ko a na 2, ko ka koma aji. Masu farautar 'yan wasa na kulob-kulob ne suka kalli faifan wasanninsa suka faɗi haka, kuma ba su da ribar komai a kansa. Dillali shi ke da riba, kashi 3 cikin 100 na kwantiragi ne iyakar abin da aka yarda ya ɗauka, shi ya sa yake tara yara da yawa, wanda ya dace ya dace. Kuɗin horon nan kuma ki tambaya a rubuce: kyauta ne ko bashi?

Ga lissafin. Kulob 32 ne, zagaye 7, mutum 250 da 'yan kai ake ɗauka a shekara, a duk gurabe, daga duk jami'o'in ƙasar. Da zarar shigarsa zaɓen ta tabbata, wasan jami'a ya ƙare masa, tallafin karatun ma yana iya tafiya.

Wani matashi daga Buronks:

Kawu, da girmanka, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Rashin ɗauka a zaɓe ba shi ne ƙarshe ba. Jason Peters babu wanda ya zaɓe shi a 2004, kulob ɗin Buffalo Bills suka ɗauke shi a bayan fage, suka sallame shi, suka dawo da shi cikin 'yan atisaye, wato 'yan ajiya da ke horo da kulob, daga baya sau 9 yana shiga jerin gwanayen shekara. Jason Kelce a zagaye na 6 aka ɗauke shi a 2011. Kuma mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2024 dala 795,000 ne. Wane digiri ne zai ba shi wannan a shekarar farko? In ya koma makaranta gwiwa ta tsinke fa, wa zai biya shi?

Kawu daga Hustan:

Ɗana, Kelce sai da ya ƙare shekarunsa na jami'a tukuna. Dala 795,000 kuwa ta wanda ya tsira ce. Kulob yana shiga sansanin horo da mutum 90, ƙarshen Agusta a zaftare su zuwa 53. Ɗan atisaye a shekarar da ka ambata dala 12,500 yake karɓa a mako, kuma ana iya sallamarsa ranar Talata ya kwashe kayansa. A cire haraji, a cire na dillali. Fansho ma sai ka yi kaka 3 da aka lissafa maka. Maganar gwiwa ka yi gaskiya, wannan kam ina tare da kai, shi ya sa akwai inshorar da ake yi wa irin waɗannan yara. Hajiya, ku je ofishin wasanni na makarantar ku tambaya ko ya cancanta.

Tsohon ɗan wasan layin gaba:

Mama, na buga takul, gurbin da ke gefen gadi, shekara 4 a ƙaramar jami'a, ban kai NFL ba, yanzu ina koyar da yaran sakandare. Abin da mutanen waje ba su gane ba, gurbinmu ba ya son gaggawa. Mai gudu da ƙwallo yana iya fita da wuri don ƙafarsa ce jarinsa. Mu sai jiki ya nuna, hannu ya san inda zai sauka a ƙirjin mutum, ido ya iya karanta wanda zai kutso kafin a saki ƙwallo. Yaro ɗan 21 zai je ya tarar da magidanci ɗan 30 wanda ya shekara 8 yana wannan dambe don ciyar da iyalinsa.

Shekarar nan da ta rage ba asara ba ce. In ya yi kyau za a iya gayyatarsa Senior Bowl, wasan baje-kolin gwanayen ɗalibai, a garin Mobile na Alabama, inda ake haɗa su ɗaya da ɗaya a gaban masu farauta, kuma ga ɗan ƙaramar makaranta babu wurin da ya fi nan, don kullum zarginsu shi ne ba ka kara da manya ba. Daga nan Combine, taron gwajin 'yan wasa na NFL, a Indiyanafolis ƙarshen Fabrairu, mutum 300 da wani abu ake kira. Ana auna tsawon hannu, a ƙirga sau nawa zai ɗaga ƙarfen kilo 102, ya yi gudun yadi 40, likitoci su bincike kowace gaɓa. Ki ce masa ya roƙi koci ya riƙa gwada shi a santa, mai miƙa ƙwallo. Wanda ya iya gadi ya iya santa ya fi wuyar sallama, don 'yan layi kaɗan ake sa wa riga ranar wasa. Kuma tun 2021 an halatta wa ɗalibi ya samu kuɗi da sunansa da hotonsa, ba kamar zamaninmu da ko abincin kyauta ake tsoron karɓa ba. In ya ga makarantarsa ta yi masa kaɗan, yana iya sauya sheƙa zuwa babba.

Wani abu da ya shafe mu: a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai lokacin gwaje-gwajen nan na Fabrairu da Maris. Ya zauna da mai kula da abincinsu tun da wuri a tsara masa sahur da buɗa-baki, don nauyi yana zubewa da sauri. Musulmi sun bi hanyar nan kafin shi, Ryan Harris ya ci kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, da Denver Broncos yana takul.

Malamar asibiti daga Merilan:

Yaya, kowa na maganar kuɗi da gwiwa, ni raunin kai nake tsoro. Likitan da ya fara gano cutar ƙwaƙwalwar nan ta CTE, wadda ake dangantawa da yawan buguwar kai, a jikin ɗan NFL ɗan Najeriya ne, Dokta Bennet Omalu, a 2002, lokacin da ya binciki gawar Mike Webster, santan Pittsburgh Steelers da ya rasu yana da shekara 50. A 2017 Jami'ar Boston ta duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, ta samu cutar a 110. Gaskiya iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka fi bayar da su, don haka ba a cewa kowa zai kamu. Amma ɗan layi kusan duk wasan da aka fara sai kansa ya haɗu da na wani. A satin da rahoton ya fito John Urschel, gadin Baltimore Ravens, ya ajiye wasa yana ɗan 26, ya koma digirinsa na 3 a lissafi a jami'ar MIT. Yana da wurin komawa ne shi ya sa ya iya. Nauyin nan ma a riƙa duba hawan jini da minshari mai ɗauke numfashi. Sau nawa ya taɓa buguwa a kai har aka fitar da shi?

Wata uwa daga Ohayo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, sau 1 na sani, a sakandare, amma yaran nan suna ɓoyewa don kar a ajiye su a benci, yau zan titsiye shi. Na tura wa babansa lissafin Kawu na 90 da 53, ya karanta bai ce komai ba, wanda a wurinsa ci gaba ne. Dillalin ya sake kira da yamma, na ce ya aiko da maganar kuɗin horon a rubuce, ya ce zai neme ni. Malam koci, yaron ya ce ya taɓa gwada santa a atisaye, ƙwallon tana kuɓuce masa in mai jifa ya tsaya nesa. Akwai yadda ake gyara wannan kafin bazara?