Neman shawara: karatun falsafa ya sa tunanin mutuwa ya hana ni sakat

Maryam: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce, kuma tun da muka fara karanta Martin Heidegger, masanin falsafa ɗan ƙasar Jamus, tunanin cewa kwanakina ƙidayayyu ne ya hana ni sakat. Ba zafin ciwon ajali nake tsoro ba, wata fargaba ce da na rasa inda ta dosa. Shin in jingine karatun ne, ko akwai yadda zan bi da lamarin?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Malama Maryam. Abin da kika bayyana shi ne ainihin bambancin da Heidegger ya fitar a littafinsa na 1927: tsoro yana da abin da ake nunawa da yatsa, ita kuwa fargaba ba ta da shi, domin kasancewar mutum ɗungurungum ta shafa. Tun a 1844 Kierkegaard, ɗan ƙasar Denmak, ya riga shi, inda ya danganta fargaba da 'yancin zaɓi. Heidegger bai nemi ki zauna kina ta saƙe-saƙen ranar mutuwarki ba. Abin da ya soka shi ne yadda jama'a ke cewa "kowa zai mutu" alhali kowa na cire kansa daga cikin "kowa" ɗin, sai ya yi ta bin yarima a sha kiɗa. Wanda ya san babu mai mutuwa a madadinsa, a ganinsa, shi ne zai zaɓi abin da zai yi da lokacinsa da kansa. Kada ki daina karatun, amma ki tambayi kanki wace shawara ce kika daɗe kina ɗagawa.

Bashir: Allah gafarta Malam, ni ban gamsu da Heidegger ba. Sartre, masanin falsafa ɗan ƙasar Faransa, ya musanta shi a 1943, yana cewa mutuwa daga waje take faɗowa ta yanke wa mutum hanzari, ba ita ke ba rayuwa ma'ana ba. Ki karanta su biyun, 'yar'uwa, kada ki ɗauki maganar mutum ɗaya tamkar yankan wuƙa.

Hajiya Binta: 'Yata, Imam Gazali ma da babin tuna mutuwa ya rufe littafinsa Ihya'u, kuma manufarsa gyaran aiki ce, ba karyar zuciya ba. Sai dai idan abin ya kai ga hana ki barci da cin abinci, ko faɗuwar gaba ta yawaita, to ki ga likitan da ya san matsalolin damuwa, kuma ki sanar da wani na kusa da ke.