'Yan fashi da rana tsaka bakin kasuwa

Baban Ikram:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi yau in ban faɗi abin ga ba cikina na iya fashewa. Na tsaya wajen Babbar Kasuwar Sakkwato da hantsi in amso saƙon atamfa na uwargida, minti goma bai cika ba, ina hitowa nit tarar an kwance lambar motata ta baya, samari ukku da riguna masu ɗaukar ido suna tsaye suna jirana, wai na yi fakin ba daidai ba. Nic ce ina allon da anka rubuta kar a tsaya nan? Babu. Gabana motoci huɗu, ɗaya mai baƙin gilas ko kallonta ba su yi ba. Sunka ce dubu goma, munka yi ta ja har dubu biyat, nic ce tau ku ban rasit, babbansu yac ce littafi ya ƙare in tura ma wani mai POS can gefe. Tambayata ga kansilolin da munka zaɓa ita ta: wa ka sa ido ga kuɗɗin ga? Asusun ƙaramar hukuma suka shiga ko aljihu? In asusu suka shiga don mi kwata ta cushe tun bara, shara ta yi tsibi, asibitin unguwarmu ko farasitamol babu? Ni dai 'yan fashi nika kiransu, 'yan fashi da rana tsaka.

Ɗan Gabas:
Allah shi huci zuciyarka Baban Ikram amma janye kalmar ga. Ka san fashi kuwa? Zo in kai ka hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni ka ga fashi. Mu da ba mu kwana gidajenmu, anka kore muna shanu, anka sa ma ƙauyukka haraji kahin a bari su yi noma, kai don dubu biyat kana cikin mota da esi za ka ce fashi. Haba.

Baban Ikram:
Allah shi kawo muku sauƙi ɗan'uwa, ban raina halin da kuke ciki ba. Amma wanda yat tare ka yak karɓi kuɗɗinka ba da son ranka ba mi sunanai?

Malam Na-Runji:
A yi hattara da harshe. Fashi a shari'a hiraba ke nan, kuma tana da sharuɗɗa, akwai makami, akwai tare hanya da tsoratar da matafiya, hukuncinta na cikin Suratul Ma'ida. Yaran nan sun zaro maka wuƙa? Abin da suka yi in ya tabbata sunansa maksu, wato karɓar dukiyar mutane da sunan hukuma ba bisa haƙƙi ba, kuma shi ma ba ƙaramin zunubi ba ne. Mujaddadi Shehu Usmanu ya soki irin waɗannan karɓe-karɓe na sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi, har jangali da kuɗin gari ya ambata. Amma kowane laifi da sunansa.

Sadiq Arkilla:
Malam sukundireba da sunka kwance lamba da ita ba makami ba ce? 😂

Malam Na-Runji:
Yaro ba a wasa da mas'alar addini.

Lauyan Zaure:
Ku tsaya ku ji inda doka ta tsaya tunda kowa ya zama alƙali. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kwashe shara. Sannan dokar soja ta 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta sa tarar fakin ba daidai ba cikin kason ƙaramar hukuma, kuma ita dai dokar ta hana a datse hanya don karɓar haraji. To karɓar tara ba laifi ba ne, rashin rasit ne laifi, don kuɗin da ba rasit ba ya shiga kasafi, abin da bai shiga kasafi ba kuwa kansila ba shi da takardar da zai riƙe ya tambayi ciyaman. Baban Ikram wace ƙaramar hukuma ce ma? Cikin garin nan kaɗai akwai Sakkwato ta Arewa da ta Kudu ga Wamakko ga Dange Shuni ga Kware duk sun shigo, kuma ba mamaki yaran ma ba na ƙaramar hukuma ba ne.

Baban Ikram:
Ina zan sani tunda ba takarda? Rigar ma rubutun ya goge.

Ɗan Gabas:
Tau kun ji. Bai san ko su wa na ba amma ya san 'yan fashi na.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni fa ku bar ni da masu motocin nan. Shekarata nawa a kasuwa, mutum zai zo ya gicciya mota ƙofar shago ya ce minti biyu, sai an yi azahar ba ka gan shi ba, mai kura ba ya wucewa, mai ɗauko kaya ba ya wucewa. Ranar da kasuwa ta kama da wuta a Janairun 2021 muna tsaye muna kallon dukiyarmu tana ci, tun ran nan duk wanda ya toshe hanya ba na jin tausayinsa ko kaɗan. Su cire lambar, su cire tayar ma.

Baban Ikram:
Hajiya wurinku fa niz zo sayayya.

Hajiya Mai Atamfa:
Ba shagona ka zo ba Alhaji, da na gane ka.

Na Kabu-kabu:
Manya an taɓa ku sau ɗaya kun cika zaure da kuka. Mu kullum ta Allah sai mun yanki tikiti, na ƙungiya daban na hukuma daban, mai agwagwa da buje haka, kuma in ka tsaya sauke fasinja a zare maka makulli. Wa yat taɓa rubuta muna dogon rubutu? Amma ni ma ban ce fashi ba, ƙwace nika cewa.

Sadiq Arkilla:
Ƙwace da fashi ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

Malam Na-Runji:
Ba ɗaya ba ne. Ƙwace gasbu ne, babinsa daban a fiƙihu.

Baba Tsoho Kanwuri:
Ku yara ba ku ga mulki ba. Zamanin En'e, hukumar gargajiya ta sarakuna, in ka biya haraji sai an ba ka takarda, kuma takardar ga ka adana ta awa ranka don ɗan doka na iya tambayarka ita bisa hanya. Kuɗɗi su tai baitulmali, a yi rijiya a yi makaranta a yi asibitin sha-ka-tafi. Duba-gari na shiga gida gida yana leƙa randa. Tun da anka rushe En'e a 1976 anka kawo ƙananan hukumomin ga albarka tat tashi.

Sadiq Arkilla:
Baba da girmanka, jangalin da Malam ya ce Shehu ya soka ai En'e ɗin ce ta ci gaba da karɓa. Kuma kakana ya ba mu labarin yadda ake shanya mutum a rana kan kuɗin haraji.

Baba Tsoho Kanwuri:
Kakanka bai biya ba shi ya sa.

Jarman Matasa:
Na san inda rubutun nan ya dosa. Duk wanda ke da ido ya ga yadda aka gyara shataletale da titunan cikin gari tun 2023, amma ba za ku faɗa ba sai an cire muku lamba. Shekara takwas ta baya ina bakinku yake? Baban Ikram kowa ya san hular da kake sawa.

Uban Tafiya:
Ga su nan sun iso, 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Shataletale za mu ci? Kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura ma ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye a bar asusun haɗin gwiwa da jihohi, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya nasu ne, mu nan jihar Sakkwato muna da 23. Kawo min kansila ɗaya, ɗaya tak, da ya taɓa tara mutanen mazaɓarsa ya karanta musu kasafin shekara. Ciyaman da bai iya sayen biro sai an sa masa hannu daga sama shi zai bi sawun kuɗin fakin?

Jarman Matasa:
Lokacin da naku ke kai an tura kai tsaye? Kantomomi nawa kuka naɗa?

Uban Tafiya:
Ni ban taɓa riƙe ko maigadin sakatariya ba, kai ne ake ba kuɗin data.

Jarman Matasa:
Maimaita in ka haifu.

Lauyan Zaure:
Don Allah ku dawo. Ko an tura kai tsaye albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na matakin farko ne ke cinye mafi yawa, shi ya sa kuɗin shiga na cikin gida kamar na kasuwa da tasha da fakin ke da muhimmanci, da su ne za a yashe kwata kafin damina. Wanda ya zauna unguwar Mabera ya san me nake nufi.

Ɗan Mabera:
A bar sa Mabera cikin kowace magana don Allah, ruwa mu kaɗai yaka ci?

Ɗan Gabas:
Ni dai har yanzu bai janye ba.

Baban Ikram:
Ban janyewa. Kuma Jarma hulata ta Sallah ce, ba ta kowa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Mai kuɗin atamfa a wannan marra ai dubu biyar ba ta kai a tara mana jama'a ba.

Admin Abu Sultan:
Tau jama'a ya isa haka, saƙo ya haura ɗari wasu ma na goge su. Ga abin da zaure ya tsaya a kai. Na ɗaya, malamai da masana doka sun tabbatar kalmar fashi kuskure ce kuma cin zarafin bayin Allah ne masu neman halaliyarsu cikin rana, don haka Baban Ikram zai ba 'yan'uwanmu na gabas haƙuri. Na biyu, Lauya ya nuna doka ta ba hukuma cikakken ikon cin tarar mai fakin ba daidai ba, kuma 'yan kasuwa da bakinsu sun ce suna goyon baya. Na uku, shi mai ƙorafin ya amsa bai san ko su waye ba, ke nan ba hujjar ɗora ma kansiloli laifi, ni kaina ƙanen matata kansila ne kuma na san bawan Allah ko barci bai samu saboda jama'a. Maganar rasit ƙaramin abu ne, littafi na ƙarewa ko a banki. Uban Tafiya na cire shi na kwana ukku saboda maganar kuɗin data. Na rufe zaure sai bayan isha'i, masu tallan fili da waya su jira.