Ina adalcin hukunta ɗan wasa kan caca alhali tallarta ce a ƙirjin rigarsa?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A watan Mayun 2023 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta dakatar da Ivan Toney na tsawon wata takwas saboda ya karya dokar hana caca sau 232, alhali kuwa rigar Brentford da yake sakawa a lokacin tana ɗauke da sunan Hollywoodbets, wanda kamfanin caca ne. Ta yaya ƙungiya za ta ci kuɗin caca hankali kwance, amma a hana ɗan wasanta taka leda saboda ya yi ta?

Malam Danjuma:
Wa alaikumus salam, Baban Sadiq. Hukuncin yana kan hanya, domin ɗan wasa ba ɗan kallo ba ne. Shi ne ya san wanda ya ji rauni da wanda koci zai ajiye a benci tun kafin jama'a su sani, kuma ƙafarsa tana iya sauya sakamako. Cikin cacar da Toney ya yi har da wadda ya zuba kuɗi a kan ƙungiyarsa za ta sha kashi, duk da cewa bai buga waɗannan wasannin ba. Ranar da mai kallo ya fara zargin cewa da gangan aka zubar da fenariti, gasar ta mutu, masu talla ma guduwa za su yi.

Maman Hanif:
Malam, ban musa maka ba, sai dai ka kare hukuncin ne ka bar tambayar. Likita ya tabbatar wa kwamitin da ya saurari shari'ar cewa caca ta zame wa Toney jaraba, shi ya sa ma aka sassauta masa, amma ba wanda ya tuhumi masu cusa wa miliyoyin matasa wannan jarabar, har da 'ya'yanmu da ke cika gidajen kallon ƙwallo. Italiya ta kafa dokar hana tallar caca tun 2018, Sifaniya ta cire ta daga riguna a 2021. Su kuwa ƙungiyoyin Firimiya sai a Afrilun 2023 suka amince su cire ta daga ƙirjin riga, suka kuma ɗaga wa kansu ƙafa har ƙarshen kakar 2025/26, sannan suka bar hannun riga da allunan gefen fili. Wannan an yi ne domin a rufe bakin gwamnati, ba domin tausayin kowa ba.

Alhaji Sale:
Ku tuna da Frédéric Kanouté, ɗan wasan Mali, wanda a 2006 ya rufe tambarin kamfanin caca na 888.com a rigarsa ta Sevilla saboda addininsa ya haramta caca. Ya iya yin haka ne domin ƙungiyar ba ta son rabuwa da ƙwallayensa. Yaron da yake neman kwantiraginsa na farko ba shi da wannan bakin, duk abin da aka rubuta a rigar haka zai saka.