Wane wili da wace taya suka dace da Marsandi 450SL ƙirar 1979?

Bazazzage:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Muna tayar da Marsandi 450SL ƙirar 1979, mai ƙofa biyu da ake yaye rufinta, a wani gareji a Tudun Wada. An gama inji da fenti, saura ƙafafu. Wilin jikinta na asali ne, inci 14, amma biyu sun lanƙwashe a baki, tayarta kuma 205/70 R14 ce, an zaga Sabon Gari ba a samu sabuwa ba. Wani dila ya kawo wili inci 17 da aka buga wa 8J (faɗin wilin inci 8) da ET35, da taya 225/45, ya ce tunda huda biyar ce za ta hau. Wani kuma ya ce a gyara tsohon wilin a sa masa tayar bas 195 R14C. Motar cikin gari za ta riƙa yawo, sai Kaduna jefi-jefi. Wanne za a ɗauka?

Bakaniken Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Alhaji. Duka biyun a ajiye su. A fara da lissafi, don shi ne zai raba gardama.

A 205/70 R14, 205 faɗin tayar ne a milimita, 70 kuma tsayin gefenta ne, kashi 70 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 143.5. Inci 14 milimita 355.6 ne. Ka haɗa wili da gefe biyu, sama da ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zama kusan 643. A kan wannan adadi aka saita gejin gudu da giya da ramin modigad. Duk abin da za ka sa, kada ya kauce masa da fiye da kashi 2 cikin ɗari.

Tayar bas tana kai wajen 668, ƙarin kusan kashi 4. Geji zai nuna 100 alhali kana kan 104, motar ta yi nauyin tashi. Ga taurin gefe, don kaya aka yi ta, kuma yawancinsu ba a ƙera su don gudun inji mai silinda takwas ba.

Ta inci 17 kuwa tsayinta 634 ne, ta wannan fuskar babu laifi. Matsalar tana gefe: daga 143 ya koma 101. Milimita 42 na roba da iska sun tafi, su ne kuwa ke shanye rami kafin ya isa wili, boris da bushin. Da shigowar damina, ka faɗa ramin da ruwa ya rufe, bakin wilin ne zai karɓi dukan, tayar ta yi ƙulu a gefe. Motar da ta haura tan ɗaya da rabi, mai ƙafafun shekara arba'in da ɗoriya, ba ta son wannan.

Abin da zan sa mata shi ne wili 7Jx15 ET25 da taya 205/65 R15. Tsayinta 647.5, bambancin bai kai kashi ɗaya ba. Kuma ba ƙirƙira ba ce: kamfanin da kansa ya mayar da motocin SL masu wannan jikin zuwa wannan girman daga ƙarshen 1985 har aka daina yin su a 1989. Wilin babbar Marsandi S-Class, wato W126, na waɗannan shekarun shi ma haka yake, a nemi shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Tayar kuwa ita ce ta Camry ta 2002 zuwa 2006, ba za a sha wuyar samunta ba.

Injiniya Samaru:

Na yarda da Malam, amma bari in tsaya a kan ET, don nan ake yawan yin ɓarna. ET ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa hob. Lambar na ƙaruwa, wilin na nutsewa ciki. Na asalin motarka 6.5J ne ET30. Na dila ya fi shi faɗi da inci ɗaya da rabi, milimita 38, wato 19 kowane ɓangare. Ka ƙara 5 na bambancin ET, bakin ciki ya matso da milimita 24 wajen tayarod da bangon ciki, na waje ya fito da 14. Motar na tsaye ba za ka ga komai ba. Sai ka karya sitiyari har ƙarshe kana hawa tudun ƙofar gida, a nan za ka ji gurza. Shi kuwa 7J ET25, ciki bai matsa ko milimita 2 ba, waje ya fito da 11, motar ma ta fi cika ido.

“Huda biyar ce” ba hujja ba ce. Ta Marsandi 5x112 ce, wato huda biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, ramin tsakiya milimita 66.6. Ta Toyota da Honda 5x114.3. Bambancin ƙanƙane ne har wilin kasuwa mai faffaɗan rami zai yi kamar ya hau, amma kowane ƙusa zai zauna a karkace, da tafiya ya sassauta ko ya karye. Ka ɗauki tayar Camry, ka bar mata wilinta. Tsofaffin Audi da Volkswagen akwai masu 5x112, sai dai raminsu 57.1 ne, ba zai shiga hob ba, kuma kada ka bari kowa ya faɗaɗa shi da magagari. Wilin Marsandi W124 ramukansa daidai ne, amma galibi ET ɗinsa ya haura 40, zai nutse.

Sai ƙusoshi. Wannan motar ba noti take amfani da shi ba, ƙusa ne mai zare M12x1.5, ƙarƙashin kansa zagaye kamar rabin ƙwallo. Wilin kasuwa galibi mazauninsa mai tsini ne kamar mazurari. Idan aka haɗa zagaye da tsini, a siririn layi kawai suke haɗuwa. Tsawon ma yana bin kaurin wili: na ƙarfe gajere, na alminiyam dogo. Ka ƙirga, ƙusa ya sha aƙalla zagaye shida da rabi kafin ya kama. In ya yi tsawo a baya kuma, zai taɓa kayan birkin hannu da ke cikin faifan, ka ji ƙas-ƙas da juyawar ƙafa. A ɗaure a 110 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) da sifana mai awo, ba a hau wilsifana da ƙafa ba.

Bazazzage:

Allah ya saka da alheri. To idan ana so a bar ta da kamanninta na asali fa? Kuma tayar gwanjo za ta yi?

Mai Faci na Kwangila:

Ranka ya daɗe, in asalin ake so, wilin inci 14 ɗin nan dukiya ne, kada a jefar ko da an sauya. Wanda ya lanƙwashe kaɗan a baki ana miƙe shi, amma a wanke shi tas a duba bayansa da fitila. In akwai tsagewa ko siririya kamar gashi, ya gama aiki, walda ba ta mayar da shi yadda yake. In 205/70 R14 ta gagara, 195/70 R14 ta fi samuwa, tsayinta 629, ta gaza ta asali da kashi 2 da ɗan wani abu. A bakin iyaka take, motar za ta ɗan zauna, inji ya ƙara juyi a kan hanya, kuma sai an duba lambar kaya sosai. Ni dai inci 15 ɗin na fi so mata.

Gwanjo kuwa, zane mai zurfi ba ya nufin taya lafiyayya. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. In ta wuce shekara shida a bar ta, komai kyan fuskarta. Ka lanƙwasa gefen da hannu a rana, in ƙananan tsagu suka buɗe baki, robar ta bushe, kwaltar Maris da Afrilu a hanyar Kaduna ba za ta raga mata ba. Bayan girman kuma akwai lamba da harafi, kamar 94V: 94 kilo 670 ke nan kowace taya, harafin kuma iyakar gudu ne, H kilomita 210 a awa, V 240. Kada a sauka ƙasa da abin da littafin motar ya ce, kuma huɗun su zama iri ɗaya, ko aƙalla biyun gaba ɗaya, biyun baya ɗaya.

Kafin a biya kuɗi, a gwada wili ɗaya a gaba. A ɗaga da jak, a juya ƙafar da hannu a tabbata ba ta taɓa birki, a sauke, a karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, yatsa ya shiga ko'ina. A goga alli a kafaɗar tayar, mutum biyu su shiga, a taka ƴan tudun rage gudu; inda allin ya goge, nan take taɓawa. In sifirin ya kwanta, a gyara shi tukuna, in ba haka ba ko daidaitacciyar taya sai ta gurza. Iska a bi takardar da ke cikin murfin tankin mai, a auna da safe kafin a fita. A yi balansin da alaimen rana ɗaya, sannan in an je Kaduna an dawo a sake bin ƙusoshin ashirin da sifana.