Sai an ji tsoron shugaba asibiti ke gyaruwa?

Malam Garba: Na yi shekaru ina aikin gudanarwa a asibiti, kuma abin da na gani shi zan faɗa: asibiti ba ya tafiya daidai sai da shugaban da ake tsoro. Wuri ne da makarar minti goma ke iya cin rai. Shugaba mai yawan fara'a da "babu komai", a ƙarƙashinsa ake barin majinyaci ba a duba shi ba har gari ya waye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sista Hauwa: Malam, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Wani dare muna aiki da wata ƙanwata a aikin jinya, sabuwar ɗauka. Wadda ta miƙa mata aiki ta yi wa wani dattijo allurar insulin, ta masu ciwon sukari, ba ta rubuta a kati ba. Yarinyar ta duba kati, ta ga wurin babu komai, ta sake yi masa. Can ta gane. Na same ta tsaye a bakin gadon, kati a hannu, hannun na rawa, dattijon kuma gumi ya fara jiƙa masa riga. Kusan rabin awa ta yi tana kallonsa ba ta kira kowa ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce a satin da ya wuce shugabarmu ta tsinka wata a gaban 'yan jinya, ta kuma ba ta takardar tuhuma kan abin da bai kai wannan ba. Mun gwada sukarinsa, mun ɗaura masa ruwa, Allah ya tashi kafaɗunsa. Amma rabin awar nan, Malam, tsoro ne ya cinye ta.

Malam Garba: Sannu da ƙoƙari, Sista. Sai dai ki lura, asalin matsalar wadda ba ta rubuta a kati ba ce. Da tana shakkar wani da ta rubuta.

Sista Hauwa: Tana shakka kuwa. Dukanmu muna shakka. Ita kaɗai ce a kan gadaje fiye da ashirin a yammacin nan, kuma babu wanda ya iya zuwa ya ce wa shugaba hannu bai isa ba.

Dakta Bashir: Abin da Sista ta faɗa an bincika shi. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta duba kurakuran ba da magani a asibitoci, ta wallafa a 1996. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi samun shugabanci nagari su ne za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar su ne suka fi kawo rahoton kuskure. Da aka bi diddigi, aka ga a wurinsu ana iya buɗe baki a faɗa, a wajen shugabanni masu zafi kuwa shiru ake yi. Don haka in ka ga littafin rahoton kuskure fes babu komai, kada ka yi saurin murna.

Ga kuma asibitin Stafford a Ingila. Tsakanin 2005 da 2009 an bar marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa, shugabanni na can suna bin alƙaluma da rage kashe kuɗi. Binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta kan lamarin, wanda ya fito a 2013, ya zo da shawarwari 290, kuma cikin abin da ya gano har da yadda ma'aikata ke tsoron ɗaga murya. Shugabannin nan ba su rasa iko ba, kunnen sauraro suka rasa.

Malam Garba: To Dakta, Florence Nightingale fa, shahararriyar ma'aikaciyar jinyar nan ta Birtaniya? Ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari a Turkiyya a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, da ma'aikatan jinya 38, kuma ba ta wasa. Wadda ta saɓa doka takan mayar da ita gida. Da lallashi ta yi da ba a san sunanta ba yau.

Hajiya Binta: Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, jinyar mahaifiyata na yi wata biyu, kuma ina bayan Malam a wani ɓangare. Ranar da babbar nas ke nan, ana canza zanin gado a kan lokaci, magani na zuwa a kan lokaci. Ranar da ba ta nan, sai ka yi ta kira. Amma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Takan zo ta ɗaga zanin da hannunta ta duba bayan Mama ko ya fara gyambo, ta tambayi ƙaramar nas yaushe aka juya ta. Shi ke nan. Kunyarta suke ji.

Dakta Bashir: Hajiya ta taɓo wurin. Kwarjini daban, tsoro daban. Kuma Malam, tsaurin Nightingale bai tsaya kan na ƙasa da ita ba. Wasiƙu ta dinga aika wa Sidney Herbert, sakataren yaƙi na Birtaniya, tana fallasa rashin kaya da ƙazantar wurin. Mace-mace sun ragu sosai ne bayan hukumar tsafta ta zo a 1855 ta gyara magudanan ruwa da shigar iska. Shugaban da ke zare wa nas ido amma ya kasa gaya wa na sama da shi cewa safar hannu ta ƙare, ni ban kira shi mai tsauri ba.

Sista Hauwa: Wannan shi ne ciwon da ke damuna. A jihar Michigan ta Amurka, lokacin da wani likita, Peter Pronovost, ya kawo matakai biyar na kiyaye tsafta wajen sa bututu a babbar jijiya a ɗakunan kulawa ta musamman sama da 100, cikin abin da ya sa aikin ya ci har da cewa an ba nas ikon dakatar da likita in ya tsallake mataki, ko da wanke hannu ne, kuma shugabanni sun tsaya mata. Cututtukan da ke shiga jini ta bututun suka ragu ƙwarai. Ni shugaban da nake nema ke nan: wanda in na ce wa babban likita "Dakta, dakata", na san gobe ba za a canza mini wurin aiki ba.

Malam Garba: Na karɓi maganar kuskure. Wanda ya yi kuskure ya faɗa, a rufa masa asiri a gyara tsarin. Amma wanda ya bar majinyata ya tafi harkarsa a lokacin aiki, ko ya karkatar da magani, wannan ba kuskure ba ne, kuma na ga shugabanni masu kirki da suka kasa korar irinsu saboda jin nauyi. A nan ina nan kan bakana.

Sista Hauwa: A kore shi, Malam, ni zan fara sa hannu. Amma a kira shi ofis a yi masa hukunci da hujja. In aka tozarta shi a gaban gadaje, sabuwar yarinyar da ke gefe tana kallo, kuma ita ce za ta riƙe kati a daren gobe.